Idan Kwastoma Ya Ƙi Sa Hannu: Kurakuran Da 'Yan Dilibari Suka Fi Yi

Ina cikin waɗanda hana achaɓa a Kano a shekarar 2013 ya raba da sana'a. Daga baya na koma kai saƙo, yanzu kuma ni nake kula da yaran da ke fita da kaya. A duk tsawon wannan lokaci ban ga abin da ya fi jefa ɗan dilibari cikin bashi ba kamar 'yar takardar nan da ake sa wa hannu. Muddin kaya ya bar hannunka ba tare da shaidar ya shiga hannun mai shi ba, to a wurin kamfani da mai shago kayan yana wuyanka. Waya guda da ka ɗauko daga kasuwar waya ta Farm Centre tana iya cinye maka albashin watanni.

Kuskuren da ya fi kowane muni shi ne ka sa hannun da kanka. Na san yadda abin yake zuwa. Rana ta take, saura gidaje goma a jakarka, mutum ya ce maka "ajiye kawai, ni ba na sa hannu," sai ka juya baya ka zana wani abu mai kama da ƙugiya ka wuce. Ni ma na taɓa yi. Turamen atamfa ne daga Kantin Kwari, na miƙa wa wani saurayi a ƙofar gida da ya ce shi ƙanin matar da ta yi odar ne, ya ƙi karɓar biro, ni kuma na cike gurbin da hannuna. Bayan kwana uku matar ta ce kaya bai iso ba, kuma gaskiya ta faɗa, don ba ta da ƙani a gidan. Da aka ɗauko takarda, rubutuna ne a kai. Ban iya cewa komai ba, na biya har sisin kwabo. Sa'a na ci aka tsaya a biya, domin ƙirƙirar sa hannun wani laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Penal Code, ana ɗaure mutum a kai. Gurbin da aka bari fanko yana kāre ka, wanda ka cike da ƙarya kuwa shi zai ba da shaida a kanka. Idan an ƙi, ka rubuta a gefe cewa an ƙi, ka sa ƙarfe nawa ne, ka kira ofis ko mai shago a gaban mutumin, yana ji.

Abin da ya fi ba ni takaici kuwa, yawancin yara ba sa tambayar dalili. Da an ce "ba zan sa ba" sai rai ya ɓaci, a ɗauka rainin wayo ne. Alhali cikin masu ƙin nan, 'yan kaɗan ne ke da mugun nufi.

Ɗauki matar aure da ke cikin gida. Maigida ne ya yi oda, bai faɗa mata ba, ya tafi kasuwa. Kai kuma ka tsaya a waje kana cewa ta fito ta sa hannu a takardar da ba ta san da zamanta ba. Ba za ta fito ba, kuma daidai ta yi. Maganin wannan kiran waya ɗaya ne. Ka kira maigidan ka ce, "Alhaji, ina ƙofar gida da saƙonka, wa ka yarda ya karɓa?" Idan ya ambaci suna, ka roƙe shi ya turo maka a rubuce ta WhatsApp ko tes, sannan ka ba yaro takarda da biro ya shiga da su ya fito. Ba ka keta mutuncin gida ba, kuma ka samu shaidu biyu maimakon ɗaya.

Akwai kuma dattawa. Baba ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami tsaf, amma bai yi boko ba, kuma ya sha jin labarin waɗanda aka sa suka rattaba hannu a takarda, aka wayi gari gona ta tafi. Kada ka tura masa takardar Turanci a gaba kana cewa "nan kawai za ka sa." Ka durƙusa ka gaishe shi, ka karanta masa abin da ke ciki da Hausa: "Baba, cewa kawai aka yi kayan ya iso hannunka, ba bashi ba ne, ba alkawari ba ne." Ka faɗa masa yana iya rubuta sunansa da ajami, ko ya dangwala yatsa. Duk shaida ce. Yara da yawa ba su san haka ba, suna zaton sai an yi irin zanen ma'aikatan banki. Ni 'yar tawadar dangwale ba ta barin jakata, kuma ta sha fid da ni.

Sabuwar matsalar ita ce lambar sirri. Wasu kamfanoni sun daina takarda, sai su tura wa kwastoma lamba a waya, ya karanto maka ka shigar. To ga mutumin da banki ke yi wa gargaɗi kullum kada ya ba kowa lambar da aka turo masa, kai kuma baƙo ka zo da hular kwano kana neman lamba. Dole ya ɗauke ka ɗan damfara. Kada ka karɓi wayarsa, kada ka ce ya miƙo ka duba. Ka ce ya karanta saƙon da kansa ya ga sunan wanda ya turo, ya ga ba banki ba ne, in ya so ya danna lambar a wayarka da hannunsa.

Sai masu cewa sai sun buɗe sun gani. Ba na ganin laifinsu, domin an sha nuna wa mutane abu a hoto a kawo musu wani daban. Kuskuren shi ne ka yanke hukunci da kanka a ƙofar gida. Wani ya bari a yage kwali, kwastoma ya ce ba ya so, kamfani kuma ya ƙi karɓar kayan da aka buɗe. Wani ya kafe ba za a buɗe ba alhali mai shago ya yarda. Tun kafin ka tayar da babur ka tambayi oga: wannan ana buɗewa ko ba a buɗewa? Idan ana buɗewa, a buɗe a gabanka. Idan akwai tsaga ko karaya, ya rubuta hakan kusa da sa hannunsa. Mutane da dama suna ƙi ne don suna tsoron sa hannu yana nufin sun yafe haƙƙinsu na ƙorafi, da ka ba su damar rubuta abin da suka gani sai su karɓi biro.

Wanda ya rage bayan duk waɗannan, wanda ba shi da dalili sai "ba ka san ni ba ne?", shi ne abin tsoro. Da shi ake kiyaye tsari: kuɗi, sa hannu, sannan kaya. Idan ka fara miƙa kaya, ka zama mai roƙo. Kuma hoton risit da aka nuna maka a waya ba kuɗi ba ne, ana haɗa na bogi. Sai alat ya shigo asusun da aka ce a tura, mai asusun ya tabbatar maka da bakinsa.

Kada ka bi kowa ciki don ya ce biro yana ɗaki, ko ka zo ka sha ruwa a gwada wayar a caji. A shekarar 2017 a Fatakwal an kashe wani ɗan dilibarin Jumia, kamfanin sayar da kaya ta intanet, bayan ya kai wayoyin da aka yi oda a kan za a biya idan sun iso. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a yana tuna abin. A ƙofa ake ciniki, inda mutane ke wucewa, kuma biro naka ne, ka riƙe biyu.

Wasu yaran suna cewa ai a Turai ajiyewa ake yi a ɗauki hoto. Gaskiya ne, lokacin korona a 2020 manyan kamfanonin kai saƙo irin su UPS da FedEx sun dakatar da neman sa hannu a yawancin saƙonni, kuma hoton kaya a bakin ƙofa ya zama ruwan dare a Amurka da Ingila. Amma can kusan kowane gida da lambarsa a jiki. A lungunan Fagge ko Kurna hoton kwali a gaban baƙin get ba ya nuna gidan wa ne. Idan ka bar wa maigadi ko maƙwabci, sai da izinin mai kaya a rubuce, ka rubuta cikakken sunan wanda ya karɓa da lambar wayarsa, shi ma ya sa hannu. Yaro ƙarami ko almajirin gida ba a damƙa masa kaya mai tsada, zalunci ne ma a ɗora masa wannan nauyi.

Ɗaga murya da kunna kyamara a fuskar mutane ba su taɓa sa wani ya sa hannu ba. Ɗaukar hoton matar wani kuwa, ko da sunan shaida, zai tara maka unguwa a kai. Kayan ake ɗauka, ba mutum ba.

Idan duk an yi an gaza, ka ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ni da ikon barin kaya babu shaida, zan mayar, ku yi magana da mai shago." Ka mayar a ranar. Kada kaya ya kwana a ɗakinka da sunan gobe za ka sake gwadawa, domin abin da ya same shi cikin dare naka ne. Wanda ya karɓa a ofis shi ma ya sa maka hannu cewa ya dawo a rufe.

Masu shago da masu kamfani, akwai naku a ciki. Idan ba kwa biyan yaro sai kayan da aka karɓa, ya ƙona mai daga Sabon Gari zuwa Rijiyar Zaki ya dawo da kwali ba a ba shi ko kwabo ba, to ku kuka koya masa zana ƙugiya a takarda. A wurinmu muna biyan kuɗin mai na duk tafiyar da aka ƙi sa hannu, muddin yaron ya kira daga ƙofar gidan, kuma tun lokacin da ake karɓar oda muke faɗa wa kwastoma cewa za a nemi sa hannu, mu tambaye shi wa zai kasance a gida.