Kafin ku sayi kujerar tsohuwar roba

Jama'a, in za ku sayi kujera ko teburin da aka yi da robar da aka sake narkawa, ku kifa shi ku duba ƙarƙashi.

Akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Ku nemi 2 ko 5. Lamba 2 irin robar jarka ce, 5 kuwa irin ta bokiti. Suna jure ruwa da nauyi.

Sannan ku kankare gindin ƙafar da makulli. In farin gari ya fito, an cika alli a cikin robar, ko rana ta cinye ta. Tsagewa za ta yi. Kar nauyinta ya ruɗe ku, allin ne.

A farar kujera garin ba ya nunawa sosai. Wadda aka gauraya robobi kuma sau da yawa ba lamba. Nan sai ku zauna, ku jingina, ku ji ko ƙafafun na buɗewa.