Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa kan ƙwayar maleriya da danginta na teku

Duk shekara sabbin ɗalibai ke shigowa ɗakin gwaje-gwaje, duk shekara kuma kuskuren bara suke ɗaukowa su dire mini a kan tebur. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne a ɗauki Plasmodium, ƙwayar da ke haddasa zazzaɓin cizon sauro, a matsayin wata 'yar dabba ta farkon duniya da ba ta ci gaba ba. Ni ma na faɗa wannan rami. Ranar da nake kare aikina na kammala digiri na faɗi haka da ƙarfin gwiwa, sai wani dattijon malami ya zare tabarau ya ce, "To malam, idan dabba ce, a ina ta samo kayan aikin tsiro?" Na yi tsuru-tsuru, gumi na bin bayana. Babi guda aka ce in sake, wata biyu ya ci mini.

Abin da yake nufi shi ne wata 'yar jaka a cikin ƙwayar, mai fata huɗu, da ake kira afikofilas. Tana da nata zoben DNA, kuma a 1996 aka nuna cewa ragowar irin jakar nan ce da tsirrai ke haɗa abinci da hasken rana a cikinta. Wata kakar kakannin ƙwayar ce ta haɗiye jar gansakuka, maimakon ta narkar da ita sai ta ajiye ta a ciki tana yi mata aiki. A 2008 aka bayyana wata 'yar ƙwayar teku mai suna Chromera velia, wadda aka samo a jikin murjani a gaɓar Sidni ta Ostareliya; 'yar uwar Plasmodium ce ta kusa, kuma har yau da rana take rayuwa. Can gefe ga wasu dangin nata na teku, dainofilajilet, masu zama cikin murjani suna ciyar da shi, wasunsu kuma su rina teku ja. Ke nan zaman cin jinin wani daga baya ya zo. Manomi ne da ya bar noma ya koma cin tuwon gidan mutane, amma bai yar da fartanyarsa ba.

Kada wani ya ce mini wannan tarihi ne kawai. Doksisaikilin, maganin bakteriya, yana taɓa ƙwayar maleriya ne saboda wannan jaka asalinta can baya, tun kafin ta zama ta jar gansakuka, bakteriya ce. Amma ba nan take yake kashewa ba, sai 'ya'yan da suka fito a zagaye na gaba, shi ya sa ba a dogara da shi shi kaɗai ga wanda ke kwance. Ni dai yanzu ba na barin ɗalibi ya zana mini zagayen rayuwar ƙwayar sai ya fara zana bishiyar danginta. Wasu abokan aikina na ganin ɓata lokaci ne. Su suka sani.

Na biyu, rinin da ake yi wa jinin da aka shimfiɗa a gilashi don a ga ƙwayar a madubin likita. Haba jama'a! Rinin Giemsa da ruwa mai pH (ma'aunin tsami) 7.2 ake sirka shi, ba da duk ruwan da hannu ya kai ba. Na taɓa ɗibar ruwan jarka saboda ganda, na rina gilasan da na yi mako uku ina tarawa. Komai ya fito jaja-jaja, shuɗin jikin ƙwayar ya ɓace, ban iya ƙirga ko ɗaya ba, kuma masu jinin sun riga sun koma ƙauyukansu. Tun daga ranar kwalbar ruwana daban take, kullum da safe nake sirka sabon rini in tace shi, ragowar kuma zubarwa nake. Shimfiɗar jini mai kauri ba a sa mata metanol, sinadarin da ke kafe jini a gilashi, siririyar ake sa wa; idan ka kafe mai kaurin, jajayen ƙwayoyin ba za su fashe ba, sai ka yi ta kallon duhu. Ku kuma rufe gilashi in yana bushewa, ƙuda na lashe jinin, ƙurar hunturu na zama kamar ƙwaya a idon sabon shiga. Filatilet, ɗan ƙwayar da ke sa jini ya daskare, da ya hau kan jar ƙwayar jini ya sa an rubuta wa mutane da yawa maleriyar da ba su da ita. In ban ga jan ɗigo da shuɗin jiki tare ba, ba na ƙirgawa, kuma ba na cewa babu sai na duba fili 100 aƙalla a madubin.

Sauran ƙanana ne. Trypanosoma mai kawo sammore da ciwon barci ba dangin Plasmodium ba ce, da Euglena ta kududdufi suka fi kusa. Cryptosporidium mai kawo gudawa dangin Plasmodium ce, amma ta yar da jakar afikofilas gaba ɗaya. A cikin sauro ƙwayar maleriya ke yin aure, ba a jikin mutum ba. Gansakukar da ake kira shuɗiya-kore bakteriya ce. Likitan Faransa Laveran ne ya fara ganin ƙwayar maleriya a jini a Aljeriya a 1880, likitan Birtaniya Ross kuma ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Duk wanda ya sake juya mini su a jarrabawa, maki biyu zan cire.