Darasi na 9: Yaron da ya warke daga ciwon daji, a bar shi ya motsa jiki

Ciwon daji, wanda wasu ke kira kansa ko sankara, yana kama yara ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara yara da matasa wajen 400,000 ne ke kamuwa da shi. A ƙasashe masu arziki, fiye da 80 cikin 100 suna warkewa. A ƙasashe da yawa irin namu ba a kai 30 cikin 100 ba, saboda zuwa asibiti a makare, da tsadar magani, da barin magani tun ba a gama ba. Duk da haka ana warkewa. Akwai iyayen da suka fara daga Babban Asibitin Damagaram, aka tura su Yamai, tafiyar kilomita wajen 900, suka sha wahalar watanni, suka dawo da ɗansu a raye. Wannan darasi nasu ne, da kakanni, da maƙwabta.

A karanta

In yaro ya dawo gida, abin da aka saba shi ne a shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Kar ka tashi. Kar ka yi gudu. Kar ka fita. Ba wanda zai ga laifin uwa, ita ta san daren da ta kwana a zaune. Amma tausayin nan in ya yi yawa cutarwa yake yi. Keken da aka jingine wata shida, sarƙarsa tsatsa take yi, haka jikin yaro. Ya riga ya daɗe a kwance, naman jikinsa ya zube, numfashinsa ya gajarta. In aka ƙara masa wani kwanciyar, ƙarfin ba zai dawo da kansa ba. Motsi ne ke ƙarfafa zuciya da ƙashi, ya buɗe masa cin abinci, ya kawo barci, ya rage gajiyar nan da ba ta jin hutu. Kuma shi ne ke maida shi cikin tsaransa.

Ga hirar wata kaka da ma'aikaciyar asibiti. Mutum biyu su karanta, kowa ya ɗauki murya ɗaya.

— Ƴata, yaron nan da ƙyar Allah ya bar mana shi. In ya faɗi fa?
— Iya, mun auna jininsa, ya dawo daidai. Faɗuwa cikin rairayi ba za ta yi masa komai ba. Zaman tabarman ne zai cinye masa ƙafa.
— Da ya ji ihun yara a ƙofar gida sai ya kama kuka. Maƙwabta kuma sun hana nasu shigowa.
— Ki gaya musu ciwon daji ba a ɗaukarsa. Ba ta kwano, ba ta gumi, ba ta numfashi. Su ci tare, su yi wasa tare.

Ku duba karnen asibiti

Ba kowane wasa ne ya dace da kowane yaro ba. Abin da ke rabawa shi ne irin maganin da aka yi masa da irin aikin da aka yi a jikinsa. A nan karatunku zai yi muku rana. Ku ɗauko karnen yaron, wato littafinsa na asibiti, da takardun da aka ba ku, ku nemi sunaye uku. Malami zai rubuta su a allo.

Vincristine. Wannan yana taɓa jijiyoyin ƙafa da na hannu. Ku lura da tafiyar yaron. Yana jan yatsun ƙafa a ƙasa? Silifa tana suɓuce masa bai sani ba? Yana tuntuɓe a bakin zaure, inda da can yake tsallakewa a guje? Ko maɓallin riga yana gagararsa? Ba sakarci ba ne, ba kuma iska ba ce, aikin maganin ne, kuma yawanci yana raguwa a hankali. Irin wannan yaro a sa shi ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ƙirga zuwa goma, ya sake ƙafa. Ya yi tafiya a kan dunduniya daga ƙofar ɗaki zuwa randa, ya dawo a kan yatsu. A zana masa layi a ƙasa ya bi. Hannu kuwa, carafke da murza laka suna taimakonsa. A sa masa takalmi mai rufe ƙafa, don ƙaya tana iya shiga bai ji ba.

Doxorubicin. Shi ne jan maganin nan da ake sakawa ta jijiya, har fitsarin yaro ya yi ja kwana ɗaya ko biyu. Yana aiki sosai, amma yana iya raunana zuciya, wani lokaci ma sai bayan shekaru abin ke fitowa. Yaron da aka saka wa shi yana bukatar motsi kamar kowa, har ya fi. Sai dai kafin ya shiga ƙwallo ta gaske ko ɗaukar kaya mai nauyi, a tambayi likita ko za a duba masa zuciya.

Prednisolone. Shi ne ke cika kumatu ya sa yaro cin abinci ba ƙoshi. Mutane su ce ya murmure, alhali cinyoyinsa ba ƙarfi, ƙashinsa kuma ya yi laushi. Gwadawa ba wuya: a ce ya tashi daga tabarma ba tare da ya dafa ƙasa ko gwiwa ba. In ya kasa, to wannan tashin da zaman shi ne aikinsa na kowace safiya, sau biyar, daga baya sau goma.

In an cire wa yaro ƙoda ɗaya, ɗayar ta ishe shi rayuwa, amma a kiyaye ta. Ya sha ruwa sosai, kuma kar a sayo masa ibuprofen ko diclofenac wajen masu tallar magani don ya ce jikinsa na ciwo bayan wasa. In ido ɗaya aka cire, ya yi gudunsa da tsallensa, amma a raba shi da wasan jifa da harbin danƙo, a nema masa tabarau mai ƙarfi wanda ba ya fashewa.

Sai kokowa. A ƙasar nan yaro na iya tsayuwa ya fara kama ɗan'uwansa, kuma hana shi sai an sha rigima. Kokowa da langa mai ture, waɗannan su jira izinin likita, musamman ga mai ƙoda ɗaya da wanda aka yi wa aiki a ciki.

Minti nawa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawararta ta 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu wajen minti 60 a rana yana motsin da ke ɗan sa shi haki. Can ake son a kai, ba nan za a fara ba. Sannu ba ta hana zuwa. A fara da minti 10 da safe, minti 10 da yamma. In ya yi sati lafiya, a ƙara minti 5. Ba sai an haɗa su a zama ɗaya ba, kuma ba sai an sayi komai ba. Aike zuwa shagon unguwa, tafiya makarantar allo, shara, tsallen igiya, wasan ɓuya, buga ƙwallo a bango, duka suna cikin lissafi. Ga ƴan mata, gaɗa ta haɗa komai: tafi, tsalle, dariya, ƙawaye. Mu daina cewa yarinya ta zauna ta huta namiji ya fita, jiki ɗaya ne.

Ga ma'auni mai sauƙi. In yana motsi yana iya magana amma ba ya iya jan waƙa, daidai ke nan. In maganar ma ta gagara, ya rage.

Rana ta Damagaram ba abin wasa ba ce. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Wasa ya zama da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa, ya sha kafin ya ce yana jin ƙishirwa. Ranar da hunturu ya tada ƙura har ba a ganin ƙarshen layi, a yi wasan cikin ɗaki ko zaure.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, kuma ni shi ya fi damuna. Wasu gidajen da sun ga gashi ya fito, kumatu sun ciko, sai a miƙa masa jarka a ce ya bi yara ɗibar ruwa. Mun san halin ruwa a garin nan, kowane hannu ana bukatarsa. Amma jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, wani yaron bayan magani shi kansa bai fi haka da yawa ba. Wannan ba motsa jiki ba ne. Ya raka su da ƙaramar buta, sauran ya jira.

A tsaya, a tafi asibiti

In yaro ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko zuciyarsa na bugawa da ƙarfi bayan ya huta, ko ya ga jiri, ko ya suma, ko numfashi ya ƙi komawa daidai, ko ƙafafunsa sun kumbura, wasa ya tsaya, a tafi. Haka in jini na fita ta hanci ko dasashi, ko ciwon ƙashi na tada shi cikin dare, ko wani sabon kumburi ya fito. Zazzaɓi da ya kai digiri 38, musamman a watannin farko bayan gama magani, ranar ake zuwa, ba a kwana da shi. A tafi da karne.

Aiki

Ku kwafi sunayen magunguna ukun nan a littafinku, ku ja layi ƙarƙashin harafin farko na kowanne.

Lissafi: yarinya tana motsa jiki minti 20 a rana. Kowane sati ana ƙara mata minti 5. Sati nawa za ta yi kafin ta kai minti 60?

A gida, ku ja layi bakwai a shafi ɗaya, Asabar zuwa Juma'a. Kowace rana ku rubuta wasan da yaro ya yi, da mintinsa, da abin da ya ce ya ji a jikinsa. Wanda ba shi da mai jinya a gida ya yi da kowane yaro. Mai shi kuwa ya nuna wa likita shafin ranar komawa asibiti.