Darasi: Yadda Sabon Kirista Zai Saba da Karatun Littafi Mai Tsarki

Wanda bai daɗe da karɓar Yesu Almasihu ba yakan riƙi Littafi Mai Tsarki da murna. Amma da ya dubi kaurinsa, sai gabansa ya faɗi. Idan kuma da girmansa ya koyi karatu, tsoron yakan ninka. Idan haka kuke ji, ku kwantar da hankalinku. Babu wanda ya ce ku gama shi a wata ɗaya. Abin da ake so shi ne ku riƙa buɗe shi kowace rana, ko da kaɗan ne.

Daga ina za a fara?

Littattafai 66 ne aka haɗa wuri guda, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. Na ikkilisiyar Katolika ya kai 73. Saboda haka ba dole ba ne a fara daga shafin farko.

Mutane da yawa sukan fara daga littafin farko, wato Farawa, su ji daɗin labarin Nuhu da Ibrahim da Yusufu. Su shiga Fitowa, su ga yadda Musa ya fito da Isra'ilawa daga Masar. Daga sura 25 sai a shiga bayanin alfarwa, wato tantin sujada, tsawonta da faɗinta da kayan cikinta. Bayansa ga Littafin Firistoci da dokokin hadaya. A nan ne sabon mai karatu yakan gaji, ya rufe littafin, ya ɗauka laifin nasa ne. Waɗannan ma maganar Allah ce, lokacinsu zai zo. Sai dai sun fi sauƙin ganewa ga wanda ya riga ya san Yesu sosai.

Ku fara da Bisharar Markus. Ita ce mafi gajarta cikin bisharu huɗu, wato littattafan da ke ba da labarin rayuwar Yesu, surori 16 kawai, kuma kusan dukanta labari ne. Yesu ya warkar da kuturu, ya tsawata wa iska, ya ciyar da taro, ya mutu, ya tashi. Bayan Markus ku karanta Luka, sannan Ayyukan Manzanni, domin mutum ɗaya ne ya rubuta su, na biyun ci gaban na farkon ne.

Sura da aya

Idan kun ga an rubuta Markus 4:35-41, ga yadda ake nemo wurin. Ku duba jerin littattafai a shafukan farko, ku sami Markus. Babbar lamba 4 ita ce sura. Ƙananan lambobin da ke cikin rubutun su ne ayoyi. Ku fara daga 35, ku tsaya a 41.

Ba Markus ne ya sa waɗannan lambobi ba. Rabon surorin da muke bi a yau aikin Stephen Langton ne, wani babban bishop na Ingila, a ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. An yi su ne don a sauƙaƙa neman wuri. Don haka ba sai kun kai ƙarshen sura ba. Ku tsaya inda labari ya ƙare, ko da ayoyi bakwai ne.

Lokaci da wuri

Wanda ya ce zai karanta in ya sami sarari, da wuya ya karanta. Ku tsayar da lokaci ɗaya, ku haɗa shi da abin da kuke yi kullum, kamar tashi daga barci ko dawowa daga aiki. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu, ya je inda ba kowa, ya yi addu'a. Asuba tana da kyau don hankali a kwance yake. Amma mai aikin dare ko uwa mai goyo ta zaɓi lokacin da ya dace da ita. Minti 10 ya isa a farko. Ku ajiye littafin inda ido zai gan shi, da 'yar takarda a wurin da kuka tsaya.

Ku karanta da murya

Kada ku ji kunyar ɗaga murya ko bin layi da yatsa. Kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. A Ayyukan Manzanni sura 8 akwai wani babban ma'aji na sarauniyar Habasha, yana zaune a karusarsa yana karanta littafin annabi Ishaya. Filibus, wani mai wa'azin bishara, ya ji shi, wato da murya yake karatun. Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa. Mutumin ya ce ina zai gane in ba wani ya bayyana masa ba, ya kuma roƙi Filibus ya hau su zauna tare. Ku lura, wannan mutum ne mai muƙami, ya kuma iya karatu, amma bai ɓoye rashin ganewarsa ba. Ku ma ku nemi naku Filibus: fasto, ko dattijon ikkilisiya, ko wata 'yar'uwa da ta daɗe cikin bangaskiya. Kalmar da ta gagare ku, ku rubuta ta a littafin rubutu, ku wuce, ku kai masa ranar Lahadi.

Kafin ku buɗe, ku roƙi Allah ya ba ku ganewa. Ku karanta wurin sau biyu. Sannan ku rufe littafin, ku faɗi labarin da bakinku kamar kuna ba wani. Abin da kuka iya faɗa shi ne kuka gane. Ku tambayi kanku: me wannan ya nuna mini game da Yesu, kuma me zan yi da shi yau?

Idan rana ta wuce

Za a yi ciwo, za a yi tafiya, wata rana kuma kasala ce kawai. Kada ku tara abin da ya wuce ku ce sai kun biya shi a zama ɗaya, hakan ne ke sa mutum ya bari gaba ɗaya. Ku koma inda takardar take, ku ci gaba. Ranar da jiki ya yi nauyi, Zabura 117 ayoyi biyu ce kacal. Sannu ba ta hana zuwa. Sabon Alkawari surori 260 ne, wanda ya kai ga karanta biyar a mako zai gama shi cikin shekara ɗaya.

Aikin wannan mako

Ku raba Markus sura 1 kashi shida, kashi ɗaya kowace rana: ayoyi 1-8, 9-13, 14-20, 21-28, 29-39, 40-45. Kowace rana ku rubuta kwanan wata, da jimla ɗaya a kan abin da kuka karanta. A rana ta bakwai ku ba wani labarin da ya fi taɓa zuciyarku. Ku zo aji da littafin rubutunku da kalmomin da suka gagare ku, mu duba su tare.