Yadda ake zane da hannu ya fito kamar sassaƙe idan an buga shi

Ɗauko takardar riyal 500 ta Saudiyya ka kai ta kusa da ido, ka duba fuskar Sarki Abdul'aziz. Inuwar da ke kuncinsa ba shafa ta aka yi ba, siraran layuka ne da ɗige-ɗige. Wannan aikin za ka kwaikwaya da alƙalami.

Nemi takarda mai santsi, alƙalamin ƙarfe mai tsini da ke buɗewa idan an danna, da baƙar tawadar Sin. Tawadar allo ba ta yi, gumi kaɗan ya taɓa ta sai ta baje. A zafin Jidda kuwa, ka riƙa sa wata takarda ƙarƙashin hannunka, kana goge bakin alƙalamin kafin tawada ta daskare.

Fara zana siffar da fensir, ka yanke shawarar gefen da haske yake shigowa.

Sai layuka, kuma nan aikin yake. Ja su a jere, tazara ɗaya, kowanne yana bin jikin abin. Idan tulu ne su lanƙwasa da cikinsa, idan tagar katakon tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ce su miƙe sak. A wurin haske ka sassauta hannu layi ya sirance, a inuwa ka danna ya kumbura, ba tare da ka ɗaga alƙalami ba. Wannan kumburin shi ke sa ido ya ɗauka ƙarfe ne ya yanki wurin. Inda duhu ya yi yawa, bari sahun layuka na farko ya bushe, sannan ka gitta wasu a karkace, giccin ya fito kamar yankan alewa. A ganina sahu uku ya isa, na huɗu taɓo yake zama. Inda layi zai mutu cikin haske, ƙarasa shi da ɗigo.

Akwai kuma kankara. Ana sayar da kwali mai shafen farar ƙasa da baƙar tawada a sama, kana kankarewa da bakin reza fari yana fitowa. Farin layi irin wannan ne ya fito da sunan Thomas Bewick na Ingila, wanda ya rasu a 1828, shi kam a katako yake yanka.

Yi zanen ya ninka girman da za a buga, domin ragewa tana ɓoye rawar hannu, amma bar tazara kada layukan su haɗe. Goge fensir, ka gaya wa mai ɗab'i ya ɗauka baƙi da fari zalla, ban da ruwan toka, ya fitar maka da gwaji ɗaya tukuna.