Idan agogon zafin mai ya yi ƙarya: yadda ake gano laifin a ƙaramin jirgi

Kafin a kwance komai, a fara da tambaya ɗaya: man ne ya yi zafi da gaske, ko agogon ne ke ruɗu? Baƙin mai ba ya saurin canza zafi. Lita shida ko bakwai na mai ba za su tashi daga digiri 80 zuwa 120 cikin daƙiƙa biyu ba. Allurar da ta yi tsalle farat ɗaya, ko take rawa, ko ta je ƙarshe ta lafe, kusan kullum matsalar lantarki ce. Amma idan zafi na hawa sannu a hankali, ƙarfin bugun mai kuma yana sauka tare da shi, wannan na gaske ne, matuƙi ya nemi filin sauka mafi kusa. A injunan Lycoming irin O-320 da O-360 iyakar zafin mai digiri 118 ne a ma'aunin Selsiyas, wato 245 na Farenhait, kuma an fi so ya zauna wajen 82 domin ruwan da ke taruwa a cikin mai ya ƙafe.

Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar sifana. A bar jirgi ya kwana, da safe a kunna lantarki ba tare da tayar da inji ba. Idan agogon na dijital ne, zafin mai ya kamata ya yi daidai da na iskar waje da na kan silinda, da bambancin digiri biyu ko uku.

Daga nan sai a san irin sansar da ke jikin injin, wato na'urar da ke jin zafin mai ta aika wa agogo, domin alamominsu sun saɓa wa juna. Tsofaffin jirage na da kwalba mai siririn bututun ƙarfe da ke tafiya har bayan agogo. Wannan ba ruwansa da lantarki. Idan bututun ya lanƙwashe ko ya tsage, allura ta kwanta a ƙasa, sai dai a sauya shi gaba ɗaya. Akwai mai waya ɗaya wanda turjiyarsa, wato yadda yake tare wutar lantarki, ke raguwa idan ya yi zafi: wayarsa ta tsinke, allura ta faɗi, ta goge ta taɓa bodi, allura ta haura can sama. Samfurin MS28034 akasin haka yake, turjiyarsa ƙaruwa take da zafi, kimanin om 90 a digiri sifili, kusan om 129 a digiri 100, don haka tsinkewar waya zafi mai tsanani take nunawa. Na huɗu shi ne mai wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban, nau'in K, rawaya da ja. Ja ita ce negetib. Wanda ya juya su zai ga zafi na sauka yayin da inji ke ɗumi, kuma ba a ƙara musu tsawo da wayar tagulla.

Inda laifi ya fi ɓuya shi ne haɗin bodi. Sansa mai waya ɗaya ta jikin inji take mayar da wuta, agogo kuma daga gangar jirgi yake ɗauka. Idan kakkaurar wayar da ta haɗa inji da gangar ta saki ko ta yi tsatsa, wutar altaneta sai ta haifar da ɗan bambancin bolt tsakanin wuraren biyu, agogo ya karanta shi a matsayin zafi. Gane wannan ba wuya. Inji na aiki, a kunna fitilar sauka da sauran kaya masu cin wuta. Muddin allura ta motsa a take, a bar sansa a koma kan wannan waya, a kankare bakinta har ya yi ƙyalli, a ɗaure. Kada a naɗa farin tef na famfo a zaren sansa mai waya ɗaya, yana raba ta da bodi. A kuma bi wayar da hannu daga inji har inda ta ratsa bangon wuta, wato ƙarfen da ya raba inji da ɗakin matuƙi, ana girgiza ta wani na kallon allura. Kusa da salansa da bakin filogi ne ta fi karyewa ta ciki alhali rigarta lafiya lau.

Sai duk wannan ya wuce a kwance sansar, inji a sanyaye, da tsumma a ƙasa saboda ɗigar mai. A mayar mata da wayarta, a haɗa jikinta da inji da wata waya mai maƙali, a tsoma bakinta cikin tafasasshen ruwa ba tare da ta taɓa gindin tukunya ba. A tuna ruwa ba ya kai digiri 100 a kan tudu: a Zariya wajen 98 yake tafasa, a Jos wajen 96. Ma'aunin zafi na daban a cikin ruwan ya fi lissafi. Idan mitar awon lantarki ta nuna turjiyar da takardar kamfani ta ce amma agogo ya saɓa, laifin na agogo ne ko na waya. Sansa da agogo kuma dole su zama 'yan gida ɗaya. Zare ya shiga ba ya nufin sun dace.

Wajen mayarwa, a sa sabon washan tagulla, tsohon ya riga ya matse. A yawancin Lycoming zaren 5/8-18 ne, washan kuma AN900-10, tsagaggen gefensa na kallon jikin inji. A ɗaure gwargwadon littafin injin, a sa wayar kulle, a tayar a duba yoyo, injiniya mai lasisi ya sa hannu a littafin jirgi.

Idan kuwa sansa, waya da agogo duk sun fita, to zafin gaskiya ne. A duba yawan mai, da ƙurar hunturu da ke toshe lagireton mai, da robobin da ke tilasta iska bi ta kan silinda, sannan bawul ɗin vernatherm, wanda ya kamata ya rufe wajen digiri 85 ya tura mai ta cikin lagireto.