Yadda ake ambaton shugabannin farko a jawabin bikin ƙasa

Duk wanda aka ba lasifika a Maraɗi ranar 18 ga Disamba ko ranar 3 ga Agusta, ko shugaban makaranta ne ko jagoran matasa, zai so ya jingina maganarsa da sunan magabata. Kafin ka yi haka, fara da tantance ranakun: a 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, a 3 ga Agusta 1960 kuma aka samu 'yancin kai daga Faransa. Masu jawabi da dama suna cakuɗa su, dattawan da ke zaune a sahun gaba kuwa suna lura.

Bayan haka, kada ka kira suna ba tare da aikin mai shi ba. Idan ka ambaci Diori Hamani, ka faɗi cewa ya shugabanci ƙasa daga 1960 zuwa 1974 a ƙarƙashin jam'iyyarsa ta PPN-RDA (Jam'iyyar Ci Gaban Nijar), kuma fari da yunwa sun raunana mulkinsa kafin Seyni Kunce ya kifar da shi a watan Afrilun 1974.

Inda ya fi buƙatar hattara shi ne batun Jibo Bakari. Shi ne ya yi kira da a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama cikin ƙawancen Faransa, aka kayar da shi, sannan aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba a 1959. Sawaba ta yi ƙarfi a yankin nan, saboda haka a cikin masu sauraronka akwai jikokin waɗanda aka ɗaure, akwai kuma jikokin waɗanda suka yi wa gwamnatin lokacin hidima da zuciya ɗaya. A ganina, jawabin da ya yabi Diori ya tsallake Jibo, ko ya ɗaukaka Jibo don ya muzanta Diori, ya ware rabin taron ke nan. Ka ambace su tare, ka bayyana a kan me suka saɓa: a yanke hulɗa da Faransa nan take, ko a bi a hankali.

Idan ka zo kan Kunce, ka san cewa 'yan siyasa sukan ɗauko sunansa duk lokacin da ake kukan cin hanci, domin mutane suna tuna tsantseninsa a kan dukiyar jama'a. Ka faɗi wannan, amma ka haɗa da cewa a zamaninsa an dakatar da jam'iyyu har ya rasu a 1987. Kada kuma ka ce "da wane yana raye da ɗan takararmu zai bi", domin babu wanda ya ji hakan daga bakinsa.